Laifi ne a tambayi abin da ya kashe ɗan ajinmu?

Sanarwar ta shigo zaurenmu na WhatsApp, na 'yan ajinmu na firamare, ana shirin sallar azahar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa wane rasuwa, jana'iza bayan la'asar a ƙofar gidansu. Kafin ka ce kwabo addu'o'i sun cika waya. Can sai wata 'yar ajinmu da aure ya kai ta nesa ta rubuta: "Subhanallahi! Me ya same shi? Ai ko shekaranjiya ya yi magana a nan."

Nan take wani ya ba ta amsa: "Hajiya, kwana ne ya ƙare. A bar tone-tone, addu'a yake buƙata yanzu." Mutane suka yi ta mara masa baya da "gaskiya ne, Malam". Baiwar Allah ta goge tambayarta, ta ba da haƙuri.

Haƙurin nan da ta bayar shi ya tsaya min a rai, don ni ban ga laifin da ta yi ba. Ra'ayina shi ne, idan mutum ɗan shekara arba'in da 'yan kai, wanda aka yi sallar isha'i da shi lafiya lau, ya yanke jiki ya faɗi da asuba, to sanin abin da ya yi ajalinsa haƙƙi ne na waɗanda ya bari. Haƙƙin 'ya'yansa ne, da 'yan uwansa, da mu sa'anninsa da muka tashi tare. Toshe bakin mai tambaya da sunan tawakkali kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin rayuka.

Ba baƙo ba ne a wurina

Kada wani ya ɗauka da busasshiyar zuciya nake wannan magana. Benci ɗaya muka zauna da marigayin. Shi ne mai reza a ajinmu. Idan fensirinka ya ɓata, sai ya ɗauko nasa ya ɗora a bakin benci, ya yi ta zagaya shi da reza har ya karye gida biyu, ya feƙe guntun ya miƙo maka, ya ce idan an tashi tara ka biya shi da gyaɗa. Ban taɓa ganin ya karɓi gyaɗar ba. Ranar da malami ya zane ni a kan laifin da ba nawa ba, shi ya rako ni har zauren gidanmu yana ɗauke da jakata, yana ta ba ni labarin ƙarya don in daina kuka.

Girma ya raba mu yadda yake raba kowa. Shi ya shiga kasuwa, ni na bi aikin ofis. Sai dai a haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza, a tafa, a kira juna da sunan tsokana na ƙuruciya, kowa ya kama gabansa.

A maƙabarta, lokacin da aka gama jera itace ana kwaɓa ƙasa, na ɗaga kai na dubi 'yan ajinmu da suka samu zuwa. Wannan furfura ta fara cin gemunsa, wancan tumbi ya yi gaba, wani ya sa tabarau. Ba wanda ya iya haɗa ido da wani. Muka koma ƙofar gida muka zauna a gefen tabarma, muka yi wa yayyensa da ƙannensa "ya haƙuri", muka shafa fatiha, muka watse.

A al'adarmu ba a yi wa ɗan aji ta'aziyya. Shi mai zuwa gaisuwa ne. Yana komawa gida da nasa nauyin, ba mai tambayarsa. Daren ranar na kwanta na kasa barci, hannuna a ƙirji ina jin bugun zuciyata, uwargida tana tambaya ko lafiya. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne cikinmu da ya yi irin wannan daren.

Mutuwar sa'a daban take da ta dattijo. Idan abokin mahaifinka ya rasu za ka yi baƙin ciki, amma zuciya tana ganin abin ya zo a kan tsari. Wanda aka sa ku aji ɗaya rana ɗaya kuwa, shekarunku ɗaya, irin abincin da kuke ci ɗaya, irin faɗi-tashin da kuke yi ɗaya, mutuwarsa baƙin ciki ne haɗe da tsoro. Ina ganin tsoron nan ne yake sa mu gaggawar rufe maganar. Ba ma son jin amsar, don wataƙila amsar ta shafe mu. Sai mu ɗauko kalmar tawakkali mu lulluɓe tsoron da ita.

"Ai ajali ne"

Wannan ita ce hujja ta farko, kuma ita ta fi nauyi, don haka zan tsaya a kanta.

Babu Musulmin da ke musun cewa wa'adi idan ya cika ba a ƙara ko daƙiƙa. Na yi imani da haka, kuma shi ne abin da yake sanyaya min zuciya a kan abokina. Amma ina aka ce imani da ajali ya hana sanin sababi?

Ku duba yadda muke yi da sauran mace-mace. Idan mota ta kife da mutum a hanyar Kaduna, sanarwar kanta za ta ce hatsarin mota ne. Har a faɗi ko taya ce ta fashe ko direba ne ya yi gyangyaɗi. Idan 'yan bindiga suka harbe mutum, ana faɗa. Idan gini ya rufta, ana faɗa. Ba wanda yake cewa mai faɗar ya yi jayayya da ƙaddara. Sai idan mutuwar daga cikin jiki ta taso ne muke komawa "bayan gajeriyar rashin lafiya", ko "lafiyarsa ƙalau, lokaci ne kawai". Ashe wanda ya mutu a mota shi ba lokacinsa ne ya yi ba?

Addinin da ake kafa hujja da shi bai ɓoye sababin mutuwa ba. Hadisi ya lissafa waɗanda ake ba ladan shahada: wanda annoba ta kashe, wanda ciwon ciki ya kashe, wanda ya nutse a ruwa, wanda gini ya faɗa wa. Ta yaya za a yi wa iyalan mamaci wannan bushara idan ba a san abin da ya kashe shi ba? Malaman tarihi sun rubuta mana cewa Sa'adu ɗan Mu'azu raunin kibiyar yaƙin Khandaƙ ne ya yi ajalinsa, Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal kuma annobar Amwas ce. Ba su ga hakan a matsayin tone-tone ba.

Labarin Sayyidina Umar kuwa kowane ɗalibi ya san shi. Ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargh, aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi, ya ce na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Umar ya san abin da ke kashe mutane a gabansa, ya yi aiki da sanin. Wa zai ce ya fi shi tawakkali a zauren WhatsApp?

Haka batun hawaye. Mun iya gaya wa mai kuka "haba, kai fa namiji ne, ka yi ta maza". Alhali Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Hannun da ke toshe bakin mai tambaya, shi ne dai yake toshe idon mai kuka. Muna son a gama da mamaci da wuri, a koma tura hotunan barkwanci.

Abin da ƙaninsa ya gaya min

Na koma gidan bayan sadakar uku, mutane sun ragu. Muka keɓe da ƙaninsa a zaure. Ban ma gama tambaya ba ya fara magana, alamar abin yana cinsa ne bai samu mai saurare ba.

Ya ce an daɗe da gaya wa Yaya jininsa ya hau. Ya je asibiti a kan wani abu daban, aka auna shi, aka rubuta masa magani. Ya sha na ɗan lokaci, ya ji garau, ya ajiye. Ya ce shi ba zai zama bawan ƙwaya ba. Daga baya idan kai ya sara masa sai ya aika yaro kemis a haɗo masa na ciwon jiki. Ranar da abin ya faru yana alwalar asuba ne ya kife. Aka yayyafa masa ruwa, aka yi ta fifita, aka kira maƙwabci ya yi tofi, sai da gari ya waye aka nemo Adaidaita Sahu. Likitan da ya karɓe shi ya ce ga dukkan alamu hawan jini ne ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa.

Wato amsar tana nan. Iyalin sun sani. Ba wanda ya hana a faɗa. Mu ne muka hana kanmu ji.

Hawan jini ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama. Mutum zai shekara yana harkokinsa, jinin yana matsa wa jijiyoyi da zuciya da ƙoda, bai sani ba. Likitoci suna ɗaukar awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, idan an maimaita a ranaku daban-daban, a matsayin hawan jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan biliyan 1.3 ne ke ɗauke da shi a duniya, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Binciken da aka yi a Najeriya yana nuna kusan babba ɗaya cikin uku. Ka lissafa 'yan ajinku na firamare, ka raba uku.

Kuma ba ciwon masu kuɗi ba ne ko na masu ƙiba kaɗai, kamar yadda ake ɗauka. Yana bin jini a dangi. Gishiri yana ƙara shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ka tuna dunƙulen da ake marmasawa a tukunyar miya, da wanda ke cikin yajin tsire, da na taliyar yara. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda 'yan kasuwa da masu aikin ƙarfi ke haɗiya kullum da yamma, su ma suna ɗaga jini. Ba "tunani" kaɗai ke kawo shi ba.

Da an bar 'yar ajinmu ta samu amsar tambayarta, da mutum nawa ne a zauren nan za su tuna da maganin da su ma suka ajiye a kan durowa? Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To mu an hana mu ma sanin cewa wuta ce.

"Za a fama wa iyali ciwo"

A nan akwai gaskiya, kuma na yarda da rabinta. Ba a tsare matar da mijinta ya rasu da safe a ce ta yi bayani. Ba a tsayawa a kan makara ana tambayoyi. Akwai kuma masu tambaya don gulma, waɗanda za su kai labarin majalisa su ƙara masa gishiri. Wasu cututtukan ma sirri ne, iyali suna da damar su riƙe abinsu, ba dole sai duniya ta ji ba.

Amma "ba yanzu ba" daban, "har abada" daban. Da wanda ya amsa wa Hajiya ya ce mata a bari a yi sutura tukuna, za a ji daga baya, da ban rubuta wannan ba. Abin da ya gaya mata shi ne tambayar kanta ba ta dace ba.

Sannan masu ganin shiru yana kare iyali, ban sani ba ko suna shiga cikin gida bayan an share makoki. Shirun ba ya zama shiru. Idan magidanci ya faɗi farat ɗaya ba a san dalili ba, zargi ne yake cika gurbin. A ce jifa ne. A ce abokin kasuwancinsa ne da suka yi sa-in-sa. A ce amarya ce ta zuba masa wani abu, ko uwargida ce ta gaji da kishi. Mace tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, tana jin dangin miji suna ƙus-ƙus idan ta wuce. Na san gidan da 'yan uba suka daina gaisawa a kan irin wannan. Kalma ɗaya daga bakin likita da ta kashe wutar tun ba ta kama ba.

Wanne ya fi fama ciwo, a ce hawan jini ne, ko a bar marainiya ta girma tana jin ana cewa uwarta ce ta kashe ubanta?

"Mu ba ma yanka gawa"

Ban ce a yanka kowa ba. Gaggauta sutura sunna ce, kuma ina ganin mutuncin da ke cikinta. Galibin lokuta ma ba a buƙatar wuƙa. Katin asibiti, kwalin maganin da ke ɗakinsa, da bayanin wanda ke kusa da shi lokacin da ya faɗi, sun isa likita ya faɗi abin da ya fi zato.

Mun ga haka a Kano. A watan Afrilun 2020, masu haƙar kabari ne suka fara ɗaga murya cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce misali. Manyan mutane suka yi ta faɗuwa, malamai da 'yan boko da 'yan kasuwa, ana binnewa ba a san dalili ba. Gari ya cika da jita-jita. Da gwamnatin tarayya ta turo tawaga ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo, ba kabari aka tona ba. An bi iyalai ne ana tambayarsu yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona, galibi a kan mutanen da dama suke da wasu cututtukan.

Abin lura shi ne sai da masu haƙar kabari suka yi magana aka farga, don babu wani littafi da ke nuna wa ya mutu, me ya kashe shi. Doka tun 1992 ta wajabta rajistar mutuwa a Najeriya, kuma aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, amma wa yake zuwa? Sai mai neman fitar da kuɗin mamaci a banki ko haƙƙinsa na fansho. Ƙasar da ba ta san abin da ke kashe 'yan shekara arba'in ɗinta ba, da me za ta tsara asibitocinta? Wannan gazawar hukuma ce, amma al'adarmu ta "a bar tone-tone" tana taya ta.

Mintunan farko

Akwai wani ilimin kuma da rashin tambaya yake hana mu, shi ne abin da ya kamata a yi idan mutum ya faɗi.

Masu shekaruna ba za su manta da ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ba. Ranar 12 ga Agusta 1989 ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana karawa da Angola, yana ɗan shekara 25, bai tashi ba. Binciken gawarsa ya nuna zuciyarsa ta kumbura. Marc-Vivien Foé na Kamaru ma haka ya faɗi a Lyon ta Faransa a 2003, aka gano ciwon kaurin tsokar zuciya ne, irin wanda ake gado. Duniyar ƙwallo ba ta ce kwana ne ya ƙare ta yi shiru ba. An tambaya, an gano, an tsananta gwajin zuciyar 'yan wasa, an tanadi na'urar farfaɗo da zuciya a bakin fili. Ranar 12 ga Yuni 2021 Christian Eriksen na Denmark ya faɗi ana wasa da Finland, zuciyarsa ta tsaya. Nan take aka hau danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar, ya dawo. Bayan wata takwas ya koma buga ƙwallo a Ingila. Allah ne ya raya shi, babu shakka, amma ta hannun mutanen da suka koyi darasi daga waɗanda suka riga shi faɗuwa.

Mu fa? Ruwa, fifita, albasa a hanci, cokali a baki, sai kururuwa. Idan mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, abin yi shi ne a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota ko ya kira lambar agajin gaggawa, 112. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintuna. Idan kuwa baki ne ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki ce ke shigowa, ba shafar aljani ba. Kada a ɗura masa komai, a nufi babban asibiti a lokacin. A yi tofin a cikin mota, ba wanda ya hana.

Ina ganin duk ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana da likita ko nas ko ma'aikacin lafiya a cikinta. Muna tara kuɗin walima, mu ɗinka anko, mu kama zauren taro, a ci a sha a ɗauki hoto. Minti ashirin daga cikin wannan taron sun isa a nuna mana yadda ake danna ƙirji, a ajiye tebur a bakin ƙofa a auna jinin kowa.

"Talaka ko ya sani me zai yi?"

Wannan hujjar tana min ciwo don akwai gaskiya a cikinta. Magani ya yi tsada a 'yan shekarun nan, kuma maganin hawan jini ba na mako ɗaya ba ne, sha ne na kullum. Mutumin da ke lissafin kwanon masara zai ga kamar sanin ma ƙarin damuwa ne.

To amma a kwatanta. Awon jini a kemis ko asibitin sha-ka-tafi bai kai kuɗin katin waya ba, wani wurin ma kyauta ne. Amlodipine, wanda ake yawan farawa da shi, ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma yana cikin magunguna masu sauƙin kuɗi. Rage gishiri ba ya cin ko sisi. A ɗaya gefen kuma akwai jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye, shekara da shekaru a kwance ana juya shi, ko wankin ƙoda da ke cinye gida da gona. Talaka ne ya fi kowa buƙatar ya sani da wuri, don shi ne ba shi da abin da zai tari ƙarshen da shi.

Abokina ma ba talauci ne ya hana shi ba. Yana da rufin asiri. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zaunar da shi ya ce, wane, ka san abin da ya kashe wancan ɗan unguwarku bara? Irin abin da kake wasa da shi ne. Ba wanda ya gaya masa, don shi ma wancan an ce kwana ne ya ƙare.

Wani zai ce ai likitoci ma suna mutuwa, masu shan magani kullum ma suna faɗuwa. Haka ne. Ba wanda ya yi alƙawarin dawwama. Amma mai wannan maganar idan ɗansa ya yi zazzaɓi da dare ba ya zama ya ce ai masu zuwa asibiti ma suna mutuwa.

Wa zai tambaya, kuma yaushe?

Ba kowa ba, kuma ba a bainar jama'a ba. A kowane aji akwai wanda ya fi kusa da mamaci, wanda iyalin suka sani, yake shiga har cikin gida ya gaida Inna. Shi ya dace ya je bayan an share makoki, ya zauna da ɗan'uwan mamacin, ya tambaya cikin ladabi, ya kuma nemi izini: za mu iya gaya wa 'yan ajinmu don su kula da kansu? Idan sun ce a'a, a mutunta su. A ganina mafi yawansu za su ce e, har su ji daɗin cewa rashin da suka yi zai amfani wani.

Limamai ma suna da rawar takawa. Nasihar da ake yi a bakin kabari a kan shirin lahira tana da kyau, kuma muna buƙatarta. Ba za ta ragu da komai ba idan a huɗubar Juma'a liman ya ƙara da cewa jiki amana ne, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, wanda aka ɗora wa magani kada ya ajiye sai da izinin likita. Maganar da likita zai yi sau goma ba a ji ba, liman sau ɗaya zai faɗa ta shiga.

Waɗanda suka fi kowa haƙƙin sani kuwa su ne 'ya'yan. Babban ɗan abokina yana sakandare. Hawan jini yana bin dangi, wasu cututtukan zuciyar ma kai-tsaye ake gadonsu, har ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka daga uba. Nan da shekara ashirin yaron nan zai zauna gaban likita, kuma cikin tambayoyin farko da za a yi masa akwai ko mahaifinsa yana raye, in ya rasu me ya kashe shi, yana ɗan shekara nawa. Amsar da zai bayar ita za ta sa a fara auna shi tun yana ɗan ashirin da biyar, ko a sallame shi da maganin ciwon kai. Na roƙi baffansa ya zaunar da shi da ƙannensa idan hankali ya kwanta, ya gaya musu sunan ciwon, ya kuma adana musu katin asibitin mahaifinsu tare da takardun gida. Shi kansa baffan, da sauran 'yan uwan da suka fito ciki ɗaya da marigayin, na ce kada su bari watan nan ya ƙare ba su je an auna su ba.